Yadda Injiniya Ya Kai Surukinsa Shafin Farko

Ba wata makaranta da ta naɗa shi Injiniya. A shagona aka yi naɗin. Ni mai fotokofi ce, ina kuma buga kati da takardun talla, to wata safiya ya shigo ya ce in buga masa katin aiki. Na tambaye shi me zan sa a sama. Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce, "Sa Injiniya."

"Injiniyan me?"

"Bar wurin haka, Yaya. Ilimin ya fi ƙarfin layi ɗaya."

Na buga masa, tunda ba ni ce hukumar tantancewa ba. Daga ranar duk layin shagunanmu ya bi abin da kati ya faɗa.

Auta yake aure, 'yar Baba Mai Firiji, wanda shagonsa ke manne da nawa, bango ɗaya ya raba mu. Baba tsoho ne mai sanƙo, mai ƙarancin magana, a cikin gyaran firiji ya tsufa. Da ya ga mijin 'yarsa yana yawo da kwamfuta a jaka ba wurin zama, sai ya ture wasu matattun firiji gefe, ya ba shi kusurwa da teburi. Shi kuma don ya nuna ba a banza yake zaune ba, ya buɗe wa shagon shafi a intanet, ya sa suna da hoto da lambar waya.

Abin ya yi aiki, wannan ba zan hana shi ba. Duk wanda firijinsa ya mutu ya rubuta "gyaran firiji" a injin bincike, sunan Baba ne ke fara fitowa. Dalili kuwa, a lokacin duk yankin ba wani mai gyara da ke da shafi. Shi kaɗai ya yi tsere, shi ya zo na ɗaya, kuma bai daina ba da labarin gudun ba. Wayar shagon, wata tsohuwa mai maɓallai da Baba ke sawa a aljihun gaba, ta riƙa ƙara daga safe zuwa yamma. Tun da aka karkatar da babban titi daga layinmu masu shigowa da ƙafa suka ɗauke, saboda haka da wayar nan shagon Baba yake numfashi.

A wurin mai aski Injiniya ya fi baje kolinsa, don can ne mutum ke zaune a ɗaure da zane, ba damar gudu.

"Ni da injin nan kar ta san kar ne," yake cewa. "Kafin ya yi tari na san abin da ya shaƙe shi."

"Ya san ka kuwa?" in ji mai aski.

"Ya san aikina."

"To ka gaishe shi."

Ana nan sai masu injin suka sauya tsari. Haka suke yi lokaci-lokaci, ba sallama ba sanarwa: su canza ma'aunin da suke jera shafuka da shi, wanda ya kwana a sama ya wayi gari a ƙasa. Kafin nan kuma Na-Tsallake ya yi nasa shafin. Na-Tsallake a hannun Baba ya koyi aiki, da ya yi ƙarfi ya buɗe nasa shagon a ɗaya gefen titi. Sabon ma'auni ya ɗauki sunansa ya ɗora a sama, ya tura na Baba shafi na biyu. Mutumin da nama ke narkewa a firijinsa kuwa ba shi da haƙurin leƙa shafi na biyu, wanda ya fara gani shi yake kira.

Wayar Baba ta yi tsit. Ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya cire batir ya mayar. Daga baya ya leƙo shagona.

"'Yata, ɗan kira ni."

Na kira. Ta yi ƙara a hannunsa, lafiya lau. Ya tsaya yana kallonta har ta katse.

"To ita ƙalau take," ya ce. Ya koma shagonsa, ya juya wajen kusurwar surukinsa. "Malam, mutane ne suka daina samun matsalar firiji?"

Baba ba ya kiran sunan surukinsa, ba ya kuma cewa Injiniya. Malam yake ce masa.

"Ƙaramin abu ne, Baba. Sun taɓa ma'auni."

"Su wa?"

"Masu injin."

"Na ji kana cewa kun san juna."

"Ai shi ya sa ba su gaya mini ba. Sun san zan gane da kaina."

Injiniya ya naɗe hannun riga ya zauna. Dabararsa ta farko ita ce, tunda "gyaran firiji" mutane ke nema, to a ba injin gyaran firiji har ya ƙoshi. Da ya gama, mai aski ya buɗe shafin a wayarsa ya karanta mana a tsaye, almakashi a ɗaya hannun:

"Gyaran firiji. In kana neman gyaran firiji, gyaran firijinmu ya fi gyaran firijin duk masu gyaran firiji. Zo gyaran firiji a yi maka gyaran firiji." Ya ɗago. "Injiniya, ban gane ba. Me ake yi a shagon?"

"Ba don kai aka rubuta ba. Don injin ne."

"Shi ma ɗin ina jin ya gaji."

Ya gaji kuwa. Kafin mako ya zagayo sunan Baba ya gangara shafi na huɗu. Injiniya ya dubi allon kwamfuta, ya gyaɗa kai irin na wanda abu ya tafi yadda ya tsara.

"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne," ya ce.

"Ragon nan naka ya kusa fita gari da baya," in ji mai aski.

Dabara ta biyu ta fi ba ni haushi, har yau kuma in na tuna raina yana ɓaci. A ƙarƙashin sunan kowane shago akwai wurin da masu kawo aiki ke rubuta ra'ayinsu, su ba da taurari. Baba yana da nasa, ba su da yawa, amma na gaskiya ne. Idan Auta ta kawo masa abincin rana takan karanta masa su, shi kuma ya yi kamar hankalinsa na kan sukurdireba. Akwai na wata mai sayar da ƙanƙara da ta rubuta cewa ya zo mata cikin ruwan sama ya ceci kayanta. Wannan in an zo kansa sai ya ce, "Me ta ce? Ban ji ba," don a maimaita.

Injiniya ya ce taurarin sun yi kaɗan. Ya bi layi shago-shago yana karɓar wayoyin mutane. Ya zo kaina na ce firijina bai taɓa lalacewa ba.

"Ai shi ne shaidar, Yaya. Albarkar maƙwabtaka da Baba ce."

"Fita mini daga shago."

Mai faci ya ba da tasa. Mai faci ko wutar lantarki babu a rumfarsa, balle firiji, amma a ranar ya zama mutumin da Baba ya gyara wa manyan firiji na kamfani. Mai wanki ya ba da tasa, mai sayar da katifa ya ba da tasa. Injiniya ya zauna a kan benci ɗaya, a yini ɗaya, ya rubuta yabo da wayoyin duka, kuma kowane yabo da magana ɗaya ya fara: "Gaskiya ban san mai shagon nan ba, amma..." Har da wayar Auta ya rubuta haka. Hoton da ke jikin sunan Auta kuwa ita ce tsaye da Baba a ƙofar shagon, ta dafa kafaɗarsa.

Injin bai tsaya tantance na gari da na bogi ba. Ya share duka.

Washegari Auta ta kawo abinci, ta buɗe waya za ta karanta, ta ga wuri fayau. Ta ja sama, ta ja ƙasa.

"Matar nan mai ƙanƙara fa?" in ji Baba.

"Babu, Baba."

Ya rufe kwanon abincin, ya koma kan wani firiji da ya riga ya gama gyarawa ya kama goge shi. Tausayinsa ya kama ni, don na san ba taurarin ne suka dame shi ba.

"Share fage suke yi," in ji Injiniya daga kusurwa. "Alama ce mai kyau."

Auta ta yi masa wani kallo, ta ɗauki kwanonta ta fita.

Garin gyaran gira an taɓa ido, mai hankali sai ya tsaya nan. Injiniya ya samo wani mutum a intanet, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, da ya yi alkawarin liƙa sunan shagon da lambar wayar a dubban shafuka, don injin ya ɗauka duk duniya maganar Baba take yi. Mutumin ya cika alkawari, ba a ce bai yi ba. Abin da bai faɗa ba shi ne irin shafukan. Kusan dukansu na masu tallan maganin sanƙo ne.

Ina cikin jera takardu na ji wayar Baba ta yi ƙara ta bayan bango, ƙarar da muka daɗe ba mu ji ba. Na leƙa. Baba ya miƙe tsaye, ya gyara murya.

"Shagon firiji, sannu da... Na'am? Gashi? Wane gashi?" Ya saurara. "A'a, ɗana, mu gas muke zubawa. A firiji. A'a, ba a shafa shi a kai."

Ya ajiye, ta sake ƙara. Ta yini tana ƙara. Wani ya tambaya ko ana sha ne ko shafawa, wata ta ce na mijinta take nema amma kada a gaya masa. Baba ya amsa kowa da ladabi, don bai iya kashe wa mutum waya ba, kuma kowane kira yana sa ran ko wannan na firiji ne.

Injiniya ya shiga wurin mai aski yana taku ɗai-ɗai. "Kun ji wayar? Na ce muku zan tashe ta."

Da yamma wani mutum ya sauka daga mota da hula har kunne, yana tambayar inda mai maganin yake. Mai faci, wanda ba ya ƙin taimako, ya nuna masa shagon Baba. Mutumin ya shiga, ya yi sallama, ya cire hula don ya nuna matsalarsa. Baba na durƙushe a bayan firiji, ya ɗago kai, hasken fitila ya sauka a kan sanƙonsa. Suka dubi kan juna. Mutumin ya mayar da hularsa a hankali, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita.

Injin kuma da ya ga sunan mai firiji a tsakiyar masu maganin gashi, sai ya ɗauke shi gaba ɗaya. Mai aski ya yi ta danna shafi bayan shafi har babban yatsansa ya gaji, bai ga Baba ba.

Kwanakin nan shagon ya zama abin tausayi. Baba ya share ƙasa da safe, ya sake share ta da rana. Ya jera sukurori bisa girmansu. Na ji shi yana tambayar mai katifa ko ya san wanda ke neman hayar shago. Ranar ce kuma na ji ya yi wa surukinsa magana mafi tsawo tun da na san su.

"Malam, ni ban ce ina son na farko ba. Inda ka same ni, mayar da ni can. In ba zai yiwu ba, ka bar shi haka, ka huta."

Duk mai kunne ya san sallama ce aka yi masa cikin mutunci. Injiniya ya ji ta a matsayin raini, ya kuma ƙudura sai ya ba tsohon mamaki.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo shagona da kwamfuta a buɗe, ya ɗora ta a kan injin fotokofi. Ya nuna mini ƙasan shafin Baba, wani dogon fili fari fat.

"Me kika gani?"

"Ba komai."

"Madalla." Ya ja yatsa a kan filin, sai ga rubutu ya fito cunkus, layi a kan layi. Ya ɗauke yatsa ya danna gefe, rubutun ya ɓace. "Farin rubutu a kan farin shafi. Mutum ba ya gani, injin yana gani. Tsohuwar dabara ce ta manya."

"To me ka rubuta?"

"Nan ne ilimin yake. Na karanta cewa sabon ma'auni ba ya son talla. Dogon bayani yake so, na gaskiya, daga bakin wanda ya san wurin da idonsa. Wa ya san shagon nan kamar ni?"

"Sai ka yabi Baba."

"Na fara da yabo. Yabo bai da tsawo, Yaya, 'yan layuka ya ƙare. Da na koma faɗin gaskiya kuwa, hannuna har ciwo ya yi."

"Wace gaskiyar?"

"Abin da ke raina. Na samu sauƙi ma, wallahi."

Na ce masa abin da mutum ba ya so a ji, ba ya rubuta shi, ko da wane launi ne. Ya rufe kwamfutarsa yana murmushi.

"Yaya, ke takarda kika sani."

Abin takaici, dabarar ta ci. Ya biya mutumin maganin sanƙo ya cire abin da ya liƙa, ya kwashe tarin "gyaran firiji" ɗin nan, injin kuma ya samu dogon bayani irin wanda yake so. Sunan Baba ya dawo, ya riƙa hawa, har wata safiya Injiniya ya fito tsakiyar layi da kwamfuta a sama yana ihu a zo a gani. Na farko. Na-Tsallake na biyu.

Wani zai yi godiya ga Allah ya yi shiru. Injiniya ya ce in buga masa takardar gayyata: zai koya wa 'yan kasuwa sirrin shafin farko, kyauta a karon farko. Ya aro kujeru, ya aro ƙaton talabijin da lasifika a wurin mai kayan lantarki, ya kafa su a ƙofar shagon Baba. Ya gayyato manajan wani babban gidan abinci, wanda duk firijinsu Baba ke gyarawa, ya zama babban baƙo. Ya aika wa Na-Tsallake takarda har shago, don ya zo ya ga yadda ake yi.

Mutane sun zo, don abin kyauta ba ya rasa jama'a. Baba bai so fitowa ba, Auta ce ta roƙe shi, ya sa rigarsa mai kyau ya zauna a gaba kusa da manaja. Na-Tsallake ya tsallako da baƙin mai a hannu, ya durƙusa ya gaida Baba, ya koma can baya ya tsaya.

Injiniya ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce injin bincike kamar doki ne, yana gane wanda ya iya riƙe linzami. Ya ce masu injin suna canza tsari ne don su gwada irinsu, kuma sun gwada sun gani. Sannan ya haɗa kwamfuta da talabijin, ya rubuta "gyaran firiji", ya danna. Sunan Baba ya fito a sama, ƙato, kowa na gani. Aka yi tafi. Mai katifa har ya tambayi nawa ake yi wa mutum. Na dubi Baba na ga bakinsa ya ɗan motsa, alamar murmushi.

Sai mai aski ya ɗaga hannu.

"Injiniya, yanzu ai ba a rubutawa. Tambayarsa ake yi da baki, ya amsa da baki. Sabon abu ne, ko bai gaya maka ba?"

"Ni zai gaya wa? Tun kafin ya fito na san da shi."

"To tambaye shi mu ji."

Injiniya ya ƙara sautin lasifika don na baya su amfana. Ya sunkuya kan kwamfuta, ya ce da ƙarfi, "Wa ya fi iya gyaran firiji a kusa da nan?"

Wata murya ta mace ta fito, mai sanyi, mai natsuwa, irin ta masu karanta labarai. Ta faɗi sunan shagon Baba. Aka sake tafi. Injiniya ya buɗe hannuwa yana karɓa. Muryar ba ta gama ba.

"Ga abin da shafin shagon ya faɗa game da mai shi. Gwani ne, ya daɗe a sana'ar. Sai dai marowaci ne na ƙarshe. Akwai firiji cike da ruwan sanyi a shagon, amma bai taɓa ce wa surukinsa ɗauki ka sha ba."

Tafin ya tsaya a tsakiya. Wani a baya ya yi tari.

"Kuskuren na'ura ne," in ji Injiniya. Ya kai hannu zai rage sauti, ya murɗa ta ɗaya gefen.

"Yana barci da rana a bayan babban firiji," in ji muryar, yanzu har tsallaken titi ana ji, "yana kuma minshari. Idan ka zo ba ka gan shi ba, bi ƙarar."

Mai faci ya faɗo daga kan benci. Mai aski ya cusa zanen aski a baki. Har manaja ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Injiniya ya fizge wata waya daga bango, fankar shagon ta tsaya. Ya fizge wata, talabijin ya mutu, lasifika kuwa da batir take aiki.

"Idonsa ya yi rauni," muryar ta ci gaba, ba gaggawa. "Ba ya iya waldar ƙananan bututu yanzu. Duk aikin kwamfireso, zuciyar firiji, a ɓoye yake aikawa shagon tsallake a yi masa, a dawo da shi ta ƙofar baya, ya ba mai kaya a matsayin aikinsa."

Wannan ba wanda ya yi dariya. Ni da nake bango ɗaya da Baba ban taɓa sani ba. Auta ta rufe fuska da mayafi. Baba yana zaune yadda yake, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon talabijin ɗin da ya mutu.

Manaja ya juya baya yana neman Na-Tsallake da ido. "Ashe kai ka yi mana aikin babban firijin nan?"

Na-Tsallake ya dubi ƙasa. "Hannuna ne ya riƙe wutar, ranka ya daɗe. Aikin na Baba ne. Shi yake gano ciwon, shi ya koya mini waldar ma."

"Ba ni lambarka."

Na-Tsallake ya yi kamar bai ji ba.

"Yanzu zan goge!" in ji Injiniya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya faɗa kan kwamfuta, ya shafe farin rubutun kaf, ya nuna wa na kusa da shi. "Kun gani? Babu. Mai aski, tambaye shi da wayarka."

Mai aski, a karon farko a rayuwarsa, bai so ba. Mai faci ne ya tambaya da tasa, shi da ba ya ƙin taimako. Muryar nan ta fito daga tafin hannunsa, ta fara daga farko: gwani ne, ya daɗe a sana'ar, sai dai marowaci ne. Ashe injin ya riga ya haddace, kuma ba ya mantuwa da wuri don an goge. Magana zarar bunu ce. Can gefe wani ya gwada tasa wayar don ya tabbatar, wata ma ta gwada, sai ga mace ɗaya tana magana daga wurare da yawa, wata tana kan ruwan sanyi, wata ta kai minshari.

Baba ya miƙe. Aka kashe wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga shago a hankali, muka ji ƙarar buɗe firiji. Ya fito da gorar ruwa mai raɓa a jiki da kofi, ya tsiyaya, ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu.

"Sha, Malam."

"Baba, wallahi ba haka nake..."

"Sha. Ban san sai an ce maka ba. Na ɗauka ɗan gida ba a yi masa tayi."

Injiniya ya karɓa ya sha, kowa na jin wucewar ruwan a maƙogwaronsa. Baba ya sake cika kofin, ya tsaya har ya shanye. Da ruwan ya ɗan dawo masa da rai, sai ya share baki, ya dubi jama'a, ya dubi Baba. Halin mutum ba ya barinsa.

"Amma dai, Baba, ka gani da idonka. Mun zo na farko."

"Na ji," in ji Baba. "Kowa ma ya ji."

Nan wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ta, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kusantowa, a gaban kowa, abin da da can sai ya juya baya yake yi. Bai amsa ba. Ya ratsa tsakanin kujeru har inda Na-Tsallake yake tsaye, ya kama hannunsa mai baƙin mai, ya sa masa wayar a ciki.

"Baba, don Allah..."

"Amsa, ɗana, kada ta katse. In firiji ne, ka ce su kawo maka kai tsaye. Ƙofar bayan nan ta gaji."